Ƙanzon Tukunyar Kakata

Shekara uku na yi ina karatun digiri na uku a fannin tarihi a Birnin Kebbi, kuma abin da na tara bai wuce tsingaro rabin buhu da ciwon baya ba. Tsingaron nan, wato fasassun tukwanen mutanen da, na tsinto su ne a kufai daban-daban. Na wanke su, na auna su, na rubuta wa kowanne lamba da farin fenti. Amma duk ranar da na kai su gaban malamar da ke duba aikina, sai ta ɗauki ɗaya, ta juya shi, ta ce, "To, me ya faɗa maka?" Ni kuwa bai taɓa ce mini uffan ba.

Malamar nan farfesa ce, 'yar Filato, mazauniyar unguwar Gesse. Ta daɗe a Kebbi har Hausarta ta fara komawa irin tamu. Gajeriya ce, ba ta ɗaga murya, amma kalma ɗaya ce ba ta barin bakinta: hujja. Ko gaisawa kuka yi ka ce mata ka kwana lafiya, sai ka ji gabanka na faɗuwa kada ta nemi shaida. Abin da ta ba rayuwarta shi ne tarihin shinkafa a kwarin Rima, tana son sanin wane iri mutane suke shukawa kafin zuwan irin zamani da injin ban-ruwa.

Da zafi ya fara shigowa a shekara ta uku, ta kira ni ofis. Ta ce wa'adin da makaranta ta ba ni zai cika a ƙarshen zango. In ban kawo abin da za a iya kaiwa ɗakin gwaji ba, ba za ta sa hannu a kundina ba, sai in tattara tsingarona in koma gida. Gida kuwa Gulma ce, can ƙasar Argungu, inda tuni babana ya gama sanar da duk wanda ya yi sallah kusa da shi cewa ɗansa ya kusa zama dakta.

A motar komawa gida ne na tuna da tukunyar Kaka.

Kaka ita ce mahaifiyar babana. Tun ina rarrafe take kira na mai gidanta, kamar yadda kakanni suke wa jikoki wasa, kuma tun lokacin take ƙorafin cewa ta yi dacen rago. A ƙuryar ɗakinta, bayan gado, akwai wata ƙatuwar tukunyar ƙasa a kife, an ɗora mata tsofaffin tabarmi. Tukunyar gumi ce. Wanda bai san gumi ba, shi ne turara shinkafa da ƙaiƙayinta: a jiƙa ta ta kwana, a zuba a tukunya da ɗan ruwa a ƙasa, a rufe, a hura wuta har ƙaiƙayin ya tsage, sannan a shanya kafin a surfe. Sana'ar matan gidanmu ke nan tun kaka da kakanni. Yanzu da rabin durom ake yi. Wannan tukunyar kuwa tun kafin a haifi babana ba a sake ɗora ta a murhu ba, kuma muna yara an hana mu ko jingina da ita.

Na iske Kaka ta tafi barka. Na shiga ɗakin, na sauke tabarmin, na birkice tukunyar a hankali, na haska da fitilar waya. Wallahi sai da na zauna a ƙasa. Gindinta cike yake da ƙanzo, baƙi ƙirin, kaurinsa ya kai yatsa biyu, kuma ga ƙwayoyin shinkafa nan da ƙaiƙayinsu sun ƙone sun manne, kowace da siffarta. Shekara uku ina yawon kufai rana na gasa ni, ashe tarihin yana bayan gadon tsohuwar da ke zagi na kullum.

Da na nuna wa Farfesa hoton, ta cire gilashinta, ta goge, ta mayar. Ranar ce ta fara ce mini in zauna a ofishinta. Ta ce irin wannan ƙanzo, in aka kai shi gwaji, zai faɗi irin shinkafar har da kusan zamaninta. Sannan ta kafa mini doka. Kada in taɓa, kada in ɓantaro ko ƙwaya ɗaya, kada in motsa tukunyar daga inda take. Ita da kanta za ta zo ranar Asabar da safar hannu da 'yan ledojinta, ta ɗauki hoto, ta auna, ta ɗiba. A wajen masu wannan aiki, abin da ɗalibi ya ɗebo da hannunsa ya sa a aljihu ba hujja ba ce, shara ce.

Na koma Gulma ran Laraba don in shirya Kaka. A nan na yi wautar da har yau in na tuna sai in ji kamar in mari kaina. Maimakon in ce baƙuwa za ta zo gaisuwa in yi shiru, sai na tsaya zuba. Na ce mata babbar malama za ta zo takanas saboda tukunyarta. Na ce za a ɗebi ƙanzon a kai shi birni a duba da na'ura. Na ce za a ɗauki hotonsa a sa a littafi, a rubuta garinmu da gidanmu, mutanen da ba su taɓa jin sunan Gulma ba su karanta. Ina magana ina jin kaina kamar mai raba kujerar Makka.

Tana tsinkar zogale, ba ta ko ɗago ba. Ta ce, "Ƙanzon za a sa littahi?"

Na ce, "Shi fa. Don Allah, Kaka, kada kowa ya taɓa ta."

Ta ce, "To, mai gida."

Na koma Birnin Kebbi ina fito.

Ran Asabar muka taso da sassafe a motar Farfesa. Muka wuce fadamun Zauro, shinkafar rani ta yi shar, injuna na ta tari a bakin rijiyoyi. Tun daga nan har Argungu tana yi mini bayanin yadda ake ɗibar samfur, ni kuma ina tsara yadda zan sa hula ranar bikin kammala karatu. Da muka isa gida, an share tsakar gida an yayyafa ruwa, an shimfiɗa sabuwar tabarma, ƙamshin miyar busasshen kifi ya cika ko'ina. Kaka ta sha ado da zanen da take zuwa suna da shi.

A tsakiyar tsakar gidan kuwa, a kan gammo, ga tukunya zaune a rana, an rufe bakinta da sabon faifai mai ado.

Tun daga zaure na ga tana ƙyalli. Ban san lokacin da na yar da jakar Farfesa ba. Na ɗaga faifan na leƙa. Ja wur, tas, har gindi. Ko jaririn da aka yi wa wankan suna bai kai ta tsabta ba. Daga baya na ji cewa kwana biyu Kaka ta yi a kanta. Ta jiƙa ta da ruwan zafi, ta kankare da guntun ƙarfe, ta bi da toka, ta bi da yashi, ta hana kowa a gidan sa mata hannu.

Na ce, "Kaka, ina ƙanzon?"

Ta nuna makwararar ruwan wanke-wanke da haɓa. Agwagi uku na tsaye a wurin, sun ƙoshi, suna kallo na.

Ba zan ɓoye ba, na tsuguna a bakin makwararar nan da shaddata mai guga, na sa cokali ina tonon laka. Farfesa ta zo ta tsaya a kaina, ta ce in tashi, abin da ya bi ta cikin agwagwa ya fita daga tarihi. Sai na tashi na juya kan Kaka. Na ɗaga mata murya a gaban baƙuwa, abin da ban taɓa yi ba. Na ce ta kashe ni. Na ce shekara uku ta zubar a kwata. Na ce abin da aka yi tafiya tun daga Birnin Kebbi don a gano, wato wace irin shinkafa ce, yanzu har abada ba wanda zai sani.

Ta dube ni sama da ƙasa. Ta ce, "Wagga ita ta matsalar? Jan iri na, mai bin ruwa, wanda ka tsawo in ambaliya ta taho. Ni niɗ ɗauko shi bisa kaina daga hwadama. Kai da na'urarka, mi ya hana ka tambaye ni?"

Gaskiya ce, ban taɓa tambayar ta ba. Na yi hira da tsofaffin garuruwa da yawa da rikoda a hannu, ina rusuna musu, amma tawa tsohuwar ban ɗauke ta a bakin komai ba sai abokiyar faɗa.

Farfesa kuwa ba a kan jan iri hankalinta yake ba. Hannuwan Kaka take kallo. Sai a lokacin ni ma na lura. Yatsunta sun tsattsage, toka ta cinye fatar, ta ɗaure babban yatsa da ƙyalle. Farfesa ta cire takalmi, ta zauna a tabarma kusa da ita, ta ce, "Mama, ya ce miki kada a taɓa ta. Me ya sa kika wahalar da kanki haka?"

Kaka ta dubi tukunyar. Sannan ta ce, "Ɗiyata, tukunyag ga ta uwata ta. Duk garin ga babu mai gumi kamatta. Mata har daga ƙetaren gulbi su ka kawo mata shinkahwa. Ba ta taɓa ƙona gumi ba, ko sau guda, sai ranar nan. Ta ɗora tukunya, ciwo yat taso mata, tas shiga ɗaki ta ɗan kishingiɗa. Ni ina yarinya, an aike ni ɗibar ruwa. Kahin in komo hayaƙi ya cika gida. Ba ta sake tashi ba, kwana huɗu anka yi tac cika."

Ta gyara ƙyallen yatsanta. "Na kasa wanke ta. Aikinta na ƙarshe na. In na yi kewa, sai in ɗaga in duba. To yanzu wanga rago yaz zo shina hwaɗa min za a ɗauki hoto a sa littahi, duniya ta gani. Wanda bai san ta ba, mi zai ce? Zai ce matar ga ba ta iya gumi ba. Ina raye ba a yi wa uwata haka."

Kunya ta kama ni irin wadda ban taɓa ji ba. Ni ina kukan shekara uku. Ita kuwa abin da ta adana tun tana yarinya, abu ɗaya tak da ya rage mata na hannun uwarta, shi ta kankare da hannunta ta ba agwagi, saboda surutun da na zo na yi mata. Na tsuguna na ba ta haƙuri. Ta ce in matsa, ina warin kwata.

Farfesa ta mayar da safar hannunta da ledojinta cikin jaka. Muka ci tuwon shinkafa da miyar kifi, ta yi ƙari. A hanyar komawa, da muka wuce Argungu, Farfesa ta dube ni. Ta ce, "Ba ka da samfur. Maganar baki kuma ba ta zama sakamakon gwaji, ko ta wace ce." Na ce na sani. Ta ce za ta nema mini ƙarin shekara ɗaya, ba don na cancanta ba, kuma in zubar da tsingaron nan in koma in zauna gaban matan da ke gumi in rufe bakina in saurara.

Haka aka yi. Abokan karatuna suka gama suka bar ni. Babana ya rage zama a ƙofar masallaci. Na shekara ina bin gidajen masu gumi daga Gulma har Zauro, hayaƙi na cika mini ido, mata na yi mini dariya. Kundin da na rubuta ba shi da hoton ƙanzo ko ɗaya, kuma har gobe ba wata na'ura da ta tabbatar da jan irin nan. Babi guda na Kaka ne da uwarta. Da na gama, na kai mata na fassara mata shi tun daga farko har ƙarshe. Ta saurara da ido a rufe. Tambaya ɗaya ta yi.

"Ka sa ta taɓa ƙonawa?"

Na ce ban sa ba.

Ta ce, "To, ka hwara hankali."

Na san abin da na yi ba daidai ba ne a ƙa'idar aikinmu. Na san abu, na ɓoye. Farfesa ma ta sani, tana wurin aka faɗa, amma ta karanta babin ta sa hannu ba ta nemi hujja ba.

Kaka ta rasu bayan haka da damina biyu. Tukunyar tana ɗakina a Birnin Kebbi, ba komai a cikinta. Na daɗe ina jinkirin rubuta wannan labari, domin ba yadda zan ba da shi ba tare da na tona abin da ta tsattsaga yatsunta don ta rufe ba. Ga shi na tona, Allah Ya sa ta yafe mini. Amma tunda na faɗa, wanda ya karanta ya riƙe shi yadda yake. Matar nan ta fi kowa iya gumi a garinmu. Sau ɗaya ta ƙona, kuma ba ta da lafiya.