Ragili Ukalik da Tsofaffin da Ke Goye

Haihuwa da asali

An haifi Ragili Ukalik a cikin watan Afrilu na shekarar 1951, a wani zangon farauta da ke bakin teku, tafiyar yini biyu a keken ƙanƙara da karnuka ke ja daga inda garin Nuvukallak yake a yanzu, a tsibirin Baffin, can ƙuryar arewacin duniya. Mahaifinta Simiuni mafarauci ne, mahaifiyarta kuwa Tapitia, wadda ta shahara da ɗinkin takalman fata waɗanda ruwa ba ya ratsawa. Ba a san ainihin ranar ba, domin babu wanda ya rubuta. Abin da aka riƙe kawai shi ne ƙanƙarar teku ba ta fara tsagewa ba.

Ragili sunan coci ne. Sunanta na gida Ukalik, sunan yayan mahaifinta wanda ya rasu wata huɗu kafin haihuwarta. Da yake a al'adarsu wanda aka ba sunan mamaci shi ne mamacin ya dawo, mahaifinta bai taɓa kiranta 'yarsa ba. Yaya yake ce mata, kuma kamar namiji yake yi mata magana har ƙarshen rayuwarsa.

Jinya da karatu

A shekarar 1958 jirgin ruwan likitoci ya tsaya a gaɓarsu, aka duba ƙirjin jama'a, aka samu tana ɗauke da tarin fuka. Tana da shekara bakwai aka tafi da ita wani asibiti a kudancin ƙasar, da lamba rataye a wuyanta, ba tare da kowa nata ba. Shekara uku ta yi a can. Ta dawo a 1961 da Turanci a bakinta, harshen iyayenta kuwa ya kusa kuɓuce mata. An ce da ta sauko daga kwalekwale ta tsaya tana kallon mutane kamar baƙuwa, har mahaifinta ya matso ya ce, "Yaya, ka dawo? Ka daɗe." Wannan kalmar ta gane, ta kama hannunsa.

Bayan iyalinta sun tare a Nuvukallak a 1962, ta yi shekara huɗu a makarantar gari. Iyakar karatunta na aji ke nan.

Aiki

A watan Satumba na 1969 aka ɗauke ta shara da wanki a ɗakin shan magani na garin. Ba a yi wata biyu ba nas ɗin da ke wurin ta lura da Turancinta, ta mayar da ita tafinta. A kan wannan aiki ta yi shekara ashirin da takwas, nas-nas suna zuwa suna tafiya, ita tana nan. Ita ke sanar da mai ciki cewa lokacin shiga jirgi ya yi, domin a kudu ake haihuwa, ita kuma ke riƙe yaro idan za a leƙa kunnensa.

Abin da aka fi yaba mata da shi shi ne amana. Ba ta ƙari, ba ta ragi. Idan majinyaci ya zagi nas, sai ta juya ta isar da zagin yadda aka yi shi. Ta kan ce ita a asibitin kudu an sha yin magana a kanta ba a gaya mata gaskiya ba, don haka ba za ta gyara wa kowa magana ba.

Aure da iyali

Ta auri Lamiki, mai gyaran injin wutar lantarki na gari, ranar 9 ga Yuli, 1972. Allah ya albarkace su da 'ya'ya huɗu, suka kuma karɓi riƙon ɗa guda daga ƙanwarsa tun ranar da aka haife shi. Lamiki mutum ne mai barkwanci. Ya kan ce shi kaɗai ne a garin ba ya iya yin ƙorafi a gidansa, don matarsa za ta fassara wa maƙwabta.

Binciken shekarar 1996

Daga 1993 zuwa 1996 ciwon ƙirji ya addabi jariran Nuvukallak a kowane lokacin sanyi. Yaro zai fara da mura, kafin kwana biyu numfashi ya sarƙe, sai a kira jirgin sama, jirgin kuwa ba ya sauka idan iska ta taso. Jarirai huɗu suka rasu a cikin waɗannan shekaru. Majalisar gari ta rubuta wa hukumar lafiya tana neman ƙarin nas guda mai ilimin jarirai, da na'urar taimakon numfashi daidai ƙirjinsu. Hukuma ta amsa cewa sai an tabbatar da buƙatar da hujja, ta turo wata likita mai bincike daga wata jami'a a kudu, mai suna Dokta Morin.

A watan Maris na 1996 Dokta Morin ta zagaya gidaje sittin da biyu da takardar tambayoyi, Ragili tana yi mata tafinta. Tambaya ta tara ita ce, wane ne a gidan nan ya yi tari mai sarƙe numfashi a bana, kuma mene ne shi a wurin matar gida. Takardar ba ta nemi shekaru a wannan layi ba.

A gida mai lamba goma sha huɗu suka samu wata matashiya, Litia, da jaririnta ɗan wata bakwai yana barci a cikin rigar goyo.

Litia ta ce, "Babana ne. Sau uku ke nan, har sai da aka fita da shi a jirgi."

Likita ta tambaya, "Yana shan taba?"

Litia ta kwashe da dariya, ta ɗauka wasa ne. Ta ce, "Kai, da can kamar bututun hayaƙi. Yanzu dai ya tuba."

"Yana cin abinci sosai?"

"Ina fa! Ko haƙori ɗaya ba shi da shi, sai abu mai ruwa-ruwa."

Ragili ta yi dariya ita ma, ta mayar da kowace kalma Turanci yadda aka faɗe ta, likita ta rubuta. Haka aka yi ta yi gida bayan gida, wannan ta ce kakarta, waccan ta ce mahaifiyarta, wata ta ce surukinta. Ko sau ɗaya bai zo wa Ragili a rai ba cewa akwai mahalukin da zai ji mace da goyo a bayanta ta ce babanta ba shi da haƙori, ya kasa gane wanda ake nufi.

Rahoton ya iso a ƙarshen Oktoba. Ya nuna cewa cikin mutum arba'in da ɗaya da suka yi ciwon, mafi yawansu tsofaffi ne, saboda haka babu hujjar nas ta jarirai ko na'ura. Abin da aka aiko shi ne allurar rigakafin mura ta dattawa. Aka ce hukuma za ta rufe maganar a zamanta na watan Disamba.

Ragili aka ba rahoton ta fassara don a karanta a rediyon gari. Tana cikin aikin ta iso layin da ke cewa, a gida na sha huɗu mahaifin matar gida ya kwanta sau uku, ya daina shan taba, ba shi da haƙora. Mahaifin Litia kuwa, Paulusi, ƙanƙara ta burma da shi ya rasu tun watan Mayu na 1995, kuma Ragili tana cikin matan da suka zauna da iyalinsa. Ta ajiye biro, ta koma shafin farko, ta bi gidajen ɗaya bayan ɗaya. Tsofaffin rahoton kusan dukansu suna maƙabarta.

Gyaran kuskure

Da ta gaya wa mijinta, ya tausaya mata, domin ya san amanar nan ita ce dukan abin da take tinƙaho da shi.

Ya ce, "Ki ce baƙuwar ce ba ta ji da kyau ba. Wa zai musa miki?"

Ta ce, "Ta ji da kyau, Lamiki. Abin da na gaya mata ta rubuta."

Ranar 4 ga Nuwamba, da tsakar rana, lokacin da kowane gida ke kunna rediyo, ta shiga ta yi bayani da bakinta. Ta ce takardar da za ta hana jarirai na'ura daga harshenta ta fito, ta kawo maganar mutane daidai amma ta bar ma'anarta a ƙofar gida, kuma tana roƙon a sake buɗe mata ƙofofin. Sai waya ta fara shigowa. Wata uwa da ta rasa ɗanta ta ce shekara nawa Ragili tana cin abinci da Turawa ba ta san kansu ba? Ragili ta ce gaskiyarta ne. Sai wani dattijo, Inuki, ya bugo ya ce, "'Yar'uwa, ni dai na gode. Jikana ke tari, ni aka soka wa allura, har yanzu hannun bai sauka ba." Garin ya yi dariya, ƙofofi suka buɗe.

Kwana goma sha tara ta yi tana bin gidajen nan sittin da biyu a ƙafa, bayan ta tashi daga aiki, a watan da rana ba ta ko leƙowa sosai. Tambaya guda ta ƙara a kan ta likita. Duk wadda ta ce mata kakarta ce ke tari, sai ta ce, "Kakar taki, a goye take ko da sanda take tafiya?" Sannan ta rubuta ranar haihuwa daga katin awo. Da ta gama, cikin arba'in da ɗayan nan talatin da shida ba su cika shekara biyu ba.

Ta buga wa Dokta Morin waya ta karanta mata. Likitar ta ce laifin takardarta ne da ba ta nemi shekaru ba. Ragili ta ce to su raba, amma a hanzarta. Dokta Morin ta janye rahotonta a rubuce, ta zo da kanta, su biyu suka tsaya gaban hukuma ranar 12 ga Disamba, aka amince da buƙatar garin.

Nas da na'urar sun iso a ranar 20 ga Fabrairu, 1997. Kafin nan, a cikin Janairu, wata jaririya mai suna Nuna, 'yar wata biyar, ta rasu ana jiran iska ta lafa. Ba a taɓa jin Ragili ta yi magana a kan wannan ba. Sai dai da aka haifa mata jika a watan Yuni na shekarar, ta je da kanta wurin iyayen Nuna ta nemi izini, aka sa wa yarinyar sunan.

Shekarun bincike

Daga 1998 ta bar aikin tafinta ta zama mai bincike. Ta yi aiki da Dokta Morin da wasu bayanta a kan ƙarancin jini ga masu ciki, da ciwon kunnen yara, da cunkoson gidaje, sannan a ƙarshe damuwar da ke kai matasa ga hallaka kansu, wanda ta ce shi ya fi kowanne nauyi. Ta kafa sharaɗi a majalisar gari cewa babu takardar tambayoyi da za ta shiga gida sai tsofaffin mata sun zauna a kanta da shayi sun ji kowace tambaya, kuma babu sakamakon da zai tafi kudu sai an fara karanta shi a rediyo. Masu bincike da dama sun ga wannan ɓata lokaci ne a zuwansu na farko. Sunanta ya fito a rahotanni tara, a jere da na likitoci. Ta horar da mata shida a aikin, biyu daga cikinsu suna kai har yau. A garin kuwa Mai Sanda ake ce mata, tun kafin ta fara riƙe sandar.

Lamiki ya rasu a 2009. Ta yi ritaya a 2014, ta koma ɗinkin rigunan goyo, ko da yake ba a daina kawo mata takardu ta duba ba.

Rasuwa

Tabon tarin fukan ƙuruciya ya taso mata a ƙarshen rayuwa. Ta ƙi a fita da ita kudu, ta ce ta riga ta je sau ɗaya. Ta rasu a gidanta da safiyar Talata, 14 ga Nuwamba, 2023, tana da shekara saba'in da biyu. Bayan kwana uku aka yi mata addu'a a coci, aka binne ta a maƙabartar kan tudu kusa da mijinta, aka jera duwatsu a kan kabarin. Dokta Morin, wadda tsufa ya hana tafiya, ta aiko da wasiƙa aka karanta a rediyo.

Ta rasu ta bar 'ya'ya biyar: Simiuni, mafarauci, Sipura, malamar makaranta, Natanili, wanda ya gaji aikin mahaifinsa, Miali, ma'aikaciyar lafiya, da Juili, ɗan riƙonta. Ta bar jikoki goma sha bakwai, cikinsu har da Nuna, da tattaɓa kunne huɗu.

Jarirai uku aka ba sunanta kawo yanzu. Ɗaya daga cikinsu 'yar mai wannan rubutu ce, shi kuwa shi ne jaririn Litia, wato tsohon nan na gida na sha huɗu da ya tuba da shan taba, wanda ya tashi yana kiran marigayiya Kaka. A watan Maris da ya wuce yarinyar ta kamu da tari, numfashi ya fara sarƙe mata, aka garzaya ɗakin shan magani. Nas ɗin sabuwa ce, watanta biyu a garin. Ta ɗauko takarda ta tambayi wanda ba shi da lafiya, uban ya ce kakarsa ce. Ba ta ko ɗaga kai ba, ta karanta layi na gaba.

"A goye take, ko da sanda?"

"A goye."

Kwana biyu Ukalik ta yi a kan na'ura, a rana ta uku ta koma gida a bayan mahaifiyarta. Allah ya jiƙan wadda ta tafi, ya raya wadda ta dawo.