Na Shiga Jirgi Saboda Baban Hadiza

Na daɗe ban ce komai a nan ba. Masu tambayata, ku yi haƙuri, yau dai na samu bakin magana.

Mijina, Baban Hadiza, manomin shinkafa ne. Gonarsa tana tsallaken ruwa, kullum da jirginsa yake zuwa. Ni kuwa haifaffiyar Gaya ce, garin da ke bakin kogi, amma tsoron kogin nake kamar me.

Da ciwon kai abin ya fara. Sai wata safiya ya faɗi a tsakar gida, jikinsa yana karkarwa. Inna, mahaifiyarsa, ta ce iskokin ruwa ne, aka yi ta hayaƙi. Da ya sake faɗuwa muka tafi asibitin Doso, daga can aka tura mu Yamai. Kuɗin hoton kai kaɗai ya cinye tumakina.

Likitan ya ɗaga hoton a haske. Na ga wani abu kamar zare da ya harɗe.

"Jijiyoyin jini ne, da su aka haife shi," in ji shi. "Suna iya fashewa, suna iya yin shiru har tsufa. Ya sha magani kafin ranar yi masa aiki ta zo. Kuma kada ya hau ruwa shi kaɗai."

Na ji tsoro har cikin ƙashina.

Mun dawo shinkafa ta nuna, mutumin nan kuwa ba ya zaunuwa. Da safe na riga shi zuwa bakin ruwa, na zauna cikin jirgin.

"Maman Hadiza, ke da ba ki iya iyo ba, in na faɗa me za ki yi?"

"Zan yi ihu."

Ya yi dariya, ya tura jirgin.

Safiyoyin nan kamar a mafarki nake tuna su. Hazo kwance a kan ruwa, balbelu suna wucewa ƙasa-ƙasa, gadar Malanbil can nesa kamar ba ta taɓa ƙasa. Yana koya mini riƙon filafili, yana cewa tuƙina tamkar tuƙin tuwo.

Ran nan a tsakiyar kogi ya yi shiru. Idonsa ya kafe, filafilin ya zame. Na jawo shi cikin jirgi, na kwantar da shi a gefensa, na tallabe kansa har jikin ya lafa. Ban yi ihun ba. Na ɗauki filafili, a karkace, a karkace, har muka taɓa gaɓa.

Alhamdulillahi. Likita ya ƙara maganin, faɗuwar ta tsaya, muna jiran kiran Yamai. Na gode wa Inna da ta riƙe yara, da maƙwabtan da suka yanke mana shinkafa.

In naku ya faɗi, ku kwantar da shi a gefe, kada ku cusa masa komai a baki, ku kai shi likita da wuri.

Gobe ma za mu tsallaka. Shi ne a gaba yanzu, ni a baya, inda nake ganin ƙeyarsa.