Makullin da ke da sunan Yaya

Yayana ne ya sayo wa shagonmu na Gusau keken surfani na kwamfuta, ni nawa zama a gabansa ne da sauya zare. Duk zanen da ya ƙirƙira yana cikin wata manhaja da ba ta buɗewa sai an soka wa kwamfutar wani ɗan abu kamar filas. Makulli muke ce masa. Kowace shekara wa'adinsa kan ƙare, sai Yaya ya kira kamfanin a Legas, su turo lamba ta wayarsa, ya karanta musu, su shiga kwamfutar daga can su sabunta. In na ga kibiya tana yawo ita kaɗai a allo, sai in ce masa aljanunsa sun iso.

Wata Laraba ya tafi Tsafe kai ɗinki, aka tare motarsu a hanya. Ba wanda ya kira mu, ba a kuma ga gawa ba. Wayarsa ta tafi tare da shi.

Bayan wata bakwai allon ya fara ƙirga mini kwanaki, saura sha huɗu. Na kira Legas. Wata mata ta saurare ni har na gama, ta ce makullin da sunan Yaya yake: ko lambar da za ta shiga wayarsa, ko takardar shaidar mutuwa, sai su mayar da shi sunana. Ba ta yi laifin komai ba, amma ranar na tsane ta.

Ba zan nemi takarda irin wannan a bayan idon mahaifiyarmu ba, don haka na hau mota zuwa Bungudu. Na tarar da Inna tana tsince wake. Na yi ta kewaye-kewaye kafin na iya faɗa.

"Takarda ce kawai, Inna. In babu ita, duk aikinsa zai rufe."

Ba ta ɗago kai ba. "Wa ya yi mai wanka? Kai?"

Na ce mata a'a.

"To ba a kashe min ɗa da biro. Shi dawo shi buɗe abinai."

Na koma Gusau. Kwanakin da suka rage na ƙarar da su ina fitar da zanensa ɗaya bayan ɗaya a kan ragowar yadi, ban kai ko rabi ba allon ya ce wa'adi ya cika. Ni na san Yaya ba zai dawo ba, kuma ba ni da ƙarfin zuciyar faɗa wa Inna. Da ta tambaye ni aiki, na ce mata muna jiransa.