Wanda Ke Kwance Mini Kare

Ban tashi a gidan da ake kiwon kare ba. Abin da mahaifina ya bar mini na farauta bindigar toka ce da jakar albarushi, sai kuma son zuwa fadama. Sana'ata gyaran injin ban-ruwa ce a wani gari da ke tsakanin Gummi da Bukkuyum. Idan kaka ta wuce, ruwa ya fara ja da baya, nakan saɓi bindigar in gangara tafkin da ke bayan gonakin albasa in jira agwagin daji da ake kira kirinjijiya. Harbin bai cika ba ni wahala ba, ɗaukowar ce matsala. Agwagwa takan faɗa can tsakiyar bado, inda taɓo ke kai wa mutum ƙugu, ga matsattsaku. Sau da yawa ina kallon abin da na harba yana yawo a kan ruwa, in juya in koma gida hannu wofi.

Akwai wani ma'aikacin jinya, Kirista, mutumin Filato, da ya yi shekaru yana aiki wajen Anka lokacin da gubar dalma ta addabi Bagega, daga baya aka dawo da shi ƙaramin asibitin garinmu. Ni nake gyara masa janareta. Yana da wata karya mai faffaɗan kunnuwa wadda ba ta ganin ruwa ta wuce, kuma duk abin da ka jefa sai ta ɗauko ta ajiye a gabanka. Da aka sake yi masa canjin wurin aiki, karyar tana da 'yan kwikwiyo. Ya ɗauko wani ja ya miƙo mini.

"Wannan zai shiga maka ruwa," in ji shi. "Amma ka yi haƙuri da shi, kada ka doke shi. Kuma kada ka bari ya sha a kududdufin da ake wanke ƙasar zinari."

Na tambaye shi nawa zan biya, ya ce in je kawai.

Inna tana tankaɗe a tsakar gida na shigo da kwikwiyon cikin kwali. Ta leƙa, ta daɗe tana kallonsa.

"Mi ya sa yab ba ka shi hakanan?" ta ce. "Ka duba shi da kyau? Mutum ba shi barin abu mai kyau ga baƙo shi tahi."

Na ce na duba. Ƙarya nake yi, don ban san abin da ake dubawa a jikin kare ba. Washegari na ɗauke shi a babur zuwa wurin malamin dabbobi, ya buɗe masa baki, ya taɓa masa ciki, ya yi masa allurar haukan kare, ya ce lafiyarsa ƙalau in ban da ƙuma. Duk da haka maganar Inna ta zauna mini a rai. Idan kwikwiyon ya yi atishawa sai in tsaya ina kallonsa.

Sharaɗin Inna shi ne ba zai matso kusa da randa ko madafa ba. Na kafa masa turke a gindin dalbejiyar da ke bayan zaure, na yi masa 'yar rumfa da zana. Wani baduku a kasuwar Gummi ya ɗinka mini abin wuya na jan fata mai zoben ƙarfe, na sayi igiyar rama mai tsawo da usur irin na alƙalin ƙwallo. Abin jifa kuwa ni na haɗa da kaina. Na cusa tsumma a cikin tsohuwar safa, na roƙi gashin zabi a wurin masu figa a kasuwa, na ɗinke shi a jikin safar, don ya saba da gashin tsuntsu a baki.

Kullum da hantsi kafin in fita aiki nakan jefa safar, in sake shi, ya ruga ya ɗauko. Ɗaukowar a jininsa take. Kawowar ce sai da muka sha fama. Yakan cafke ta ya zagaye bishiya da ita, ya kwanta yana figa. Sai in janyo igiyar a hankali har ya iso gabana, in ɗora hannu a ƙarƙashin haɓarsa in ce "saki," in ya saki in ba shi ɗan ƙanzo. Wata rana ya yi kamar ya gane, washegari kamar bai taɓa ganina ba.

Kawu, ƙanin Inna, tsohon maharbi ne, kuma kusan kullum yakan biyo ya gaishe ta. A zamaninsa ya yi karnuka dogaye masu bin gada da zomo. Ranar da ya tarar da ni durƙushe da safa a hannu, ya jingina da katanga yana kallo har na gama.

"Wanga ba karen hwarauta ba ne," ya ce. "Karen da ka koya ma wasa da gashin tsuntsu, rad da yag ga na gaske, cinyewa za shi yi. In kuwa ya ci, naman ya haramta gare ka."

"Ba zai ci ba, Kawu. Kawowa zai yi."

"Wa yag gaya maka? Wanda yab ba ka shi yat tahi?"

Na tattara safar da igiyar.

Kwikwiyon ya fara zama saurayin kare ke nan sai zabin maƙwabcina suka fara ɓata. Dattijo ne mai sayar da hatsi, katangarmu ɗaya, kuma zabinsa su ne abin alfaharinsa. Sukan yi kiwo a filin da ke bayan gidajenmu. Wata safiya ya yi sallama a ƙofar zaure daidai ina tsakiyar horo. Muka gaisa, amma idonsa na ƙasa, inda gashin zabi ya warwatsu a gindin dalbejiya.

"Malam, wanga gashi hwa?"

"Daga kasuwa na roƙo shi, Alhaji. Ga abin da nake yi da shi." Na nuna masa safar.

Ya karɓa, ya juya ta, ya shinshina, ya miƙo mini. "To. Ni dai zabina suna raguwa. Ban ce komi ba."

"Karen nan a ɗaure yake wuni."

"To," ya sake cewa, ya tafi.

Na faɗi haka da gaba gaɗi saboda na yi imani gaskiya ce. Ba a jima ba na dawo daga gyaran wani inji da la'asar, na tarar da karen kwance a gindin turkensa, a ɗaure, amma cikinsa da ƙafafunsa duk busasshen taɓo. Babu taɓo a gidanmu a wannan lokacin na rani. Na durƙusa na buɗe bakinsa ina neman jini ko gashi. Ban ga komai ba. Ya lashe mini hannu, ni kuwa na ji ina kallonsa kamar ɓarawon da ya iya fuska.

Sai na duba igiyar. Ni ƙullin da nake yi irin na ɗaurin injin a bayan babur ne, mai zarge biyu. Wanda na tarar ƙullin dabba ne, irin wanda ake yi wa akuya. Kare ba ya kwance kansa ya dawo ya ɗaure.

Na tambayi Inna ko wani ya taɓa karen. Ta ce ita ba ta leƙa bayan zaure, kuma ba ta ga dalilin da zai sa ta leƙa ba. Yadda ta faɗa ba tare da ta ɗago kai ba ya sa na fara tunanin ko ita ce ke sakinsa, da fatan wata rana ya bi hanya kada ya dawo. Daga nan tunanina ya koma kan maƙwabcin. Ƙofar zaurenmu ba a rufe ta da rana. Me zai hana mutum ya shigo ya saki kare cikin zabinsa don ya samu hujjar kai ƙara gidan mai unguwa? Amma wa zai yi asarar zabinsa don kawai ya kori karen wani? Na yi ta juya abin ina kwance inji, har na ɗaura wani bel a baibai.

Abin ya ƙara muni ranar da Inna ta tsinci wani yankin nama a gindin katangar da ta raba mu da shi, ta ɓangarenmu. Ta kira ni ta nuna mini da sanda. Nama ne ɗanye, ƙuda na binsa. Watakila shaho ne ya yar. Watakila kuma ba shaho ba ne. Na haƙa rami mai zurfi na binne shi, na matsar da turken nesa da katangar. Tun daga ranar gaisuwata da Alhaji ta koma ta baki kawai. In mun haɗu a masallaci kowa yakan nemi wani sahun.

Na sake tarar da taɓon a jikin karen, kuma na lura ranar kasuwa ce, ranar da nake wuni a rumfata ta gyara. Saboda haka da kasuwa ta zagayo na bar rumfar bayan azahar na dawo gida, na kashe babur tun daga bakin layi na turo shi. Turke babu kare. Igiyar ma babu, an tafi da ita. A kan rairayin bayan gida ga sawun karen, kusa da shi ga sawun takalmin roba na babban mutum, sun miƙa hanyar fadama. Na bi su.

Tun kafin in isa tafkin na ji ƙarar faɗawa ruwa. Na laɓe a bayan wata giginya. Kawu ne tsaye a bakin ruwa, ya naɗe wando zuwa gwiwa, karena kuma yana iyo yana dawowa da wani abu a baki. Da ya fito, Kawu ya durƙusa ya karɓa. Kurciya ce matacciya. Ya ɗaga ta sama yana buɗa gashinta da yatsa, fiffike bayan fiffike, yana neman wurin haƙori. Sannan ya sake wurga ta, wannan karon cikin bado.

Na fito. Ya gan ni, bai ko yi alamar kunya ba.

"Kawu, ashe kai ne."

"Ni ne."

"Me ya sa ba ka gaya mini ba? Na zargi Inna, na zargi Alhaji."

"In na gaya maka, sai ka zo da usur ɗinka da ƙanzonka ka tsaya kansa. Ni so nike in ga abin da za shi yi in ba ka nan, kuma da yunwa cikinai."

"To me ka gani?"

Ya dubi karen da ke kutsawa cikin ganyen bado. "Ranar hwarko ya huda ta. Na ɗaure mashi baki da ita har ya gaji. Tun daga nan bai ƙara ba." Ya karɓi kurciyar, ya sake dubawa. "Amma kurciya ba agwagwa ba ce. Kuma bai ji ƙarar bindiga ba tukuna."

Na tambaye shi batun zabin. Ya ce duk lokacin da suka wuce ta filin igiya na hannunsa. Na so in yarda da shi gaba ɗaya. Sai dai na san Kawu da ɗan gyangyaɗi a inuwa in rana ta yi zafi, kuma na san tafiyar da ke tsakanin tafkin da filin ba wata tafiya ba ce ga kare. Ban faɗa ba. Shi ma, ina jin, ya ga ban faɗa ba.

Daga nan muka riƙa horon tare. Shi ya kawo shawarar a saba masa da ƙara daga nesa: ni in tsaya can ƙarshen gonar albasa in tashi bindiga da albarushi zalla, shi kuma yana riƙe da karen yana shafa shi. Sai da muka fara zuwa muka shaida wa mai unguwa da 'yan sa-kai, domin a shekarun nan ƙarar bindiga a bayan gari ba abin wasa ba ce, kuma an riga an fara tambayar wa nake busa wa usur a daji. Ɗaya daga cikinsu ya biyo mu ya tsaya ya gani da idonsa. Da farko karen ya maƙale a ƙafar Kawu yana rawar jiki. A hankali muka riƙa rage tazarar, har ya zama in ya ji ƙara sai ya miƙe kunnuwa yana duban ruwa.

Ranar da muka fita farautar gaske da sanyin safiya ne. Kirinjijiya suka taso daga gabas suna kukansu, na harba, ɗaya ta karkace ta faɗa nesa cikin bado, daidai irin wurin da a da nake haƙura. Karen ya dube ni. Na ce "je ka." Ya shiga, ya ɓace mana cikin ganye har na fara tunanin ya samu tudu ya zauna yana ci. Kawu yana dai taɓa wuƙarsa. Can sai ga jan kansa ya ɓullo. Agwagwar na bakinsa, tana da sauran rai, tana motsa ƙafa. Kawu ya karɓa ya yanka ta da bisimilla, sannan ya zauna a kan ciyawa ya bi jikinta kaf. Ramukan harsashi kawai ya samu.

"Yau dai bai ci ba," ya ce.

Mun ƙara samun wata agwagwar kafin rana ta ɗaga. Da muka dawo na sa aka fige ɗaya, aka gyara, na ɗauka da kaina a kwano na yi sallama a ƙofar Alhaji. Ya fito, na ce ga abin da karen ya ɗauko mana daga ruwa, a sa a miya. Ya buɗe kwanon ya daɗe yana kallo.

"An gode, Malam. Ina ƙahwahunta?"

Na koma gida na tsinto ƙafafun daga cikin gashin da aka zubar, na kawo masa. Ya buɗa yatsun ya ga fatar da ke tsakaninsu, wadda zabo ba shi da ita, ya gyaɗa kai, ya shiga da kwanon.

Bayan wannan ya gina wa zabinsa akurki babba, ya daina sakinsu sai yana gida. Ko sun ci gaba da ɓata, bai gaya mini ba, ni ma ban tambaya ba. Kawu kuwa ya ci gaba da zuwa ranar kasuwa yana kwance karen, sai dai yanzu yakan leƙa ya gaya wa Inna kafin su fita.