Goggo Hajo da Ɗakin Yaran Maiyama

Ina bakin tashar Jega wani ɗan acaɓa daga Maiyama ya tsaya a gabana ya kashe mashin. Ya ce, "Saratu, sai haƙuri. Goggo Hajo ta rasu da hantsi." Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ina ƙarama motar 'yan kasuwa ta kife da mu a hanyar Kuberi, mahaifina ya cika ina riƙe da rigarsa. Daga ranar bakina ya rufe. Aka yi rubutu, aka yi hayaƙi, shiru. Ƙarshe kawuna ya kai ni wurin Goggo Hajo, tsohuwar ungozoma mai tara yaran da suka ga abin firgita. Lokacin ba a daɗe da cire Kebbi daga Sakkwato ba, ƙaramar hukuma ta ba ta ɗaki da tabarmi da hatsi.

Ba ta taɓa cewa in yi magana ba. Yumɓu take ba mu, mu yi ta gina shanu, tana gefe tana kaɗi. In wani ya matsa mini sai ta ce, "Ku bar ta, ɗiyata ta. Maganarta tana nan tahe." Ranar da na buɗe baki, ruwa kawai na roƙa. Ta miƙo mini moɗa, ta juya baya tana share ido da mayafi.

Da aka sauya shugabanni sai aka yanke tallafin. Wani jami'i ya zo ya dube mu, ya ce ga yara lafiya lau suna wasa. Goggo ta ce, "Ranka shi daɗe, zo ka kwana da su ka ji kukansu cikin dare." Bai zo ba. Aka zuba takin zamani a ɗakin, ita kuwa ta kwashe mu zuwa zaurenta. Ta yi ta zarya sakatariya har ƙafafunta suka gaza, ba a maido da tallafin ba.

Da na je gaisuwar rasuwarta na tarar da wasu yara a zauren. Wani ƙarami ya kama zanena ya ce, "Yaushe Goggo za ta dawo?" Na ɗauke shi na rungume.

Allah Ya jiƙan Goggo Hajo, Ya haskaka kabarinta, Ya sa Aljanna ce makomarta. Allah Ya ba 'ya'yanta da jikokinta haƙuri. Yaran da ta bari a zaure kuma, ya Allah, Ka kawo mai riƙe su. Amin.