Yatsu Huɗun Malam Maitama

Ƙarfe shida na safe Malam Maitama yake isa bargar dawakin da ke bayan garin Gaithersburg a ƙasar waje, kuma kafin ya gaisa da mutum sai ya duba bakin kowane doki. Shekara ashirin da biyu yana haka. Dawakin nan ba na tsere ba ne, na gasar taku ne, inda alƙalai ke duba yadda doki ke ɗaga ƙafa yana lanƙwasa wuya. Don wuyan ya lanƙwasu, mahaya kan rage tsawon igiyar linzami, su yi ta ja har ƙarfen ya ci gefen baki.

Nanret, ma'aikaciyar jinya da ke kai 'yarta koyon hawa, ita ta shaida mini labarin wata goɗiya da aka ce ta haukace. Tana wage baki, tana fizgar kai, wutsiya ba ta zama. Mai bargar ta ce a sayar da ita. Malam ya ce wa Nanret, "Maman yara, ba hauka ba ne, ciwo ne. Ke ma a ja miki baki haka ki gani." Ya ƙara wa igiyar yatsu huɗu, ya ɗaura zare a wurin, ya ce kada hannun mai hawanta ya wuce nan. Wata biyu goɗiya ta nutsu, har ta ciyo gasa. A hoton nasarar da aka rataya a ofis, hannunsa kawai ya fito.

Bara aka kawo na'urar auna ƙarfin jan linzami, ta faɗi abin da ya yi shekaru yana faɗa ana yi masa kallon ɗan ƙauye. Aka tafa wa na'ura. Shi kuwa aka ce gwiwarsa ta gaji, ya je ya huta. Abin nan ya ƙona mini rai.

Malam, kai ne mai jin kukan wanda ba ya magana. Mun gode, Allah ya saka. Duk wanda aka damƙa wa linzamin wani, doki ne ko ɗa ko ma'aikaci, ya koyi sassauci a wurinka.

Sai dai ka yafe mini. Ranar Asabar da ka kira ni kana tambayar goɗiyar nan ka ce, "Yaya bakinta?" na ce lafiya lau. Ƙarya na yi. Sabon mai horon ya cire zaren, kuma da na leƙa bargar na ga jini a bakinta.