Baba Zagaye da Katafilarsa

Duk wanda ya taɓa aikin hanya ko na magudanar ruwa a Dutse cikin shekarun nan ya san Malam Abdulbaƙi, ko da bai san sunansa na yanka ba. Baba Zagaye ake ce masa. Gajere ne kakkaura, gemunsa ya yi furfura ta gefe guda, ɗaya gefen kuma har yanzu yana gardama. Katafila yake tuƙawa, irin mai dogon hannun nan da ke haƙa rami ta kwashi ƙasa ta zuba wa tifa. Halinsa ne ya jawo masa sunan, domin ba ya taɓa tayar da ita sai ya zagaye ta da ƙafa. Ya duba sarƙar da take tafiya a kai, ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashi, ya shafa tiyo ya ji ko mai na ɗiga, ya goge madubi da tsumman da ba ya rabuwa da aljihunsa. In ya sauko shan ruwa ya dawo, sai ya sake sabon zagaye. Leburori kan ce da za a miƙar da zagayen nan nasa a kan titi, da tuni ya je Kano a ƙafa ya dawo.

A wani ƙauye bayan Kiyawa aka haife shi, gidan gero da dawa da 'yan tumaki. Yana da shekara ashirin da 'yan kai aikin hanya ya biyo ta gefen gonarsu, ya ajiye fartanya ya ɗauki shebur. Wani dattijo mutumin Ringim, Malam Talha, mai tuƙa gireda, injin baje ƙasa, ya lura da cewa yaron ba ya da rawar kai, sai ya ja shi jiki. Shekara uku yana shafa giris yana wanke inji kafin a bar shi ya zauna a kujera.

A lokacin ba haka yake ba. Da ya samu hannu, sai ya zama ba wanda ya kai shi sauri, yana cika tifa kafin direbanta ya gama gyara zama. Wata rana bayan sallar azahar ya hau, ya murza makulli, ya juya ba tare da ya waiwaya ba. Sai ya ji ƙaras a bayansa. Da ya sauko, keken wani lebura ne da aka jingina da jikin katafilar, ya koma kamar an murɗe waya. Mai keken kuwa minti guda kafin nan yana zaune a inuwar wurin yana cin rogo, tashin da ya yi ya wanke hannu ne kawai ya raba shi da wurin. Malam Talha bai yi faɗa ba. Ya dubi keken, ya dubi Abdulbaƙi, ya ce, “Yau keke ne.” Tun daga ranar zagaye ya fara, yau shekara ashirin da bakwai.

Matsalar ita ce halin bai tsaya a wurin aiki ba. Matarsa Fatsuma ta fi kowa sani. Idan zai fito da babur daga soro da safe sai ya danna oda sau biyu, alhali ba kowa a wurin sai kaji. Daga tsakar gida za ta ɗaga murya ta ce, “Malam, kajin sun ji, sun ce a gode maka.” Tana yawan ba wa maƙwabta labarin cewa ranar da ya fara zuwa zance gidansu, ta leƙo ta ga ya zagaya gidan kafin ya yi sallama. Ta ɗauka kunya ce ta hana shi tsayawa, har abin ya burge ta. Sai bayan aure ya gaya mata katangar ce ya ga ta karkace, yana neman inda zai tsaya ba ta faɗo masa ba.

Abokin aikinsa Choji ne, mutumin Filato, dogo siriri, wanda ya biyo yayansa ma'aikacin gwamnati zuwa Dutse ya kuma zauna. Shi ne mai jar tuta da usur, mai tsayawa a ƙasa yana nuna wa katafila inda za ta juya da lokacin da za ta tsaya. Shekara goma sha ɗaya suna tare. Kwano ɗaya suke ci, in Abdulbaƙi ya tafi salla Choji ke zama kusa da katafilar kada wani ya raɓe ta, ranar Lahadi kuma ko ana biyan ninki Abdulbaƙi ba ya son aiki, don ya san Choji yana coci. Sharaɗinsu guda ne tun ranar farko. Abdulbaƙi ya ce masa, “In ban gan ka ba, na tsaya. Kuma hannunka kaɗai nake bi, ko mai kamfani ne ya ɗaga nasa.”

A bara ne aka ba kamfaninsu aikin magudanar ruwa a wata unguwa da ke gindin duwatsu, inda ruwa kan gangaro duk damina ya shiga gidajen mutane. An makara da fara aikin, ga hadari ya fara haɗuwa ta gabas. Wanda aka ɗora a kan ma'aikata wani matashin magidanci ne, Sagiru, mutumin kirki amma mai gaggawa, waya biyu a hannu, kowacce tana ƙara. Tun makon farko zagayen Abdulbaƙi ya tsaya masa a rai.

“Baba, don Allah, ɗazu fa ka zagaya.”

“Ɗazu daban, yanzu daban.”

“Me zai canza cikin minti biyar?”

“Shi nake son in gani.”

Ranar wata Laraba da hantsi aiki na tafiya yadda Sagiru ke so. Tifa uku sun yi layi, an cika biyu, ta ukun ta gyara tsayuwa. Abdulbaƙi ya ciko cokalin katafilar da jar ƙasa, zai juya hagu ya zuba, sai ya duba inda Choji ke tsayawa bai gan shi ba. Ya duba madubin dama, ya duba na hagu. Babu tuta, babu Choji. Sai ya sauke cokalin a hankali har ya zauna a ƙasa, ya ja makullin da ke kashe hannuwan tuƙi, ya naɗe hannu.

Direban tifa ya fara danna oda. Sagiru ya taho da sauri, hular kwanonsa na rawa a kansa.

“Baba, lafiya? Inji ne?”

“Inji lafiya lau. Choji ne ban gani ba.”

“To ga ni ai! Juya, ba kowa!” Ya ɗaga hannu yana kaɗawa kamar mai korar tsuntsaye daga gona.

Abdulbaƙi ya leƙo ta taga ya ce, “Sagiru, daga inda kake tsaye kana ganin bayana?”

“Na ce maka ba kowa, an ɗaure igiya ta can.”

“Igiya ba ta da ido.”

Sagiru ya cire hular ya mayar, ya ce za a yi ruwa ramin nan ya cika, kowa ya huta, tunda abin da ake so ke nan. Leburori suka dogara da sheburansu suna kallo, don sun san ba a taɓa cin Baba Zagaye a irin wannan ba. Shi kuwa ya rage ƙarar inji, ya zauna abinsa. A nan ne suka fara jin wata murya tana tashi daga bayan katafilar, muryar tsohuwa, kuma ba ta farin ciki ba ce.

Da suka zagaya, sai ga Choji ya buɗe hannuwa biyu ya tare wata tsohuwa, Iya Khadijatu, da ƙwaryar gero a kanta za ta kai niƙa. Ta ɗaga igiyar da aka ɗaure ta shigo ta ƙarƙashi, ta biyo daidai inda ƙugun katafilar ke sharewa idan ta juya, tazarar da ba ta fi taku biyu ba. Kunnenta ya yi nauyi, ba ta ji usur ba, shi ya sa Choji ya bar wurinsa ya ruga.

“Iya, ki koma baya, don Allah,” in ji Choji da ƙarfi.

“In koma ina? Hanyar nan nake bi tun ubanku bai yi kaciya ba! Wa ya ce ku kawo wannan dodon ku tsugunar a bakin hanya?”

Sagiru ya tsaya ƙiƙam. Ya dubi tsohuwar, ya dubi ƙaton ƙarfen da ke saman kanta, wayoyinsa na ƙara bai ɗauka ba. Abdulbaƙi ya kashe inji ya sauko, ya durƙusa ya gaishe ta. Ita kuwa da ta gane shi ne direba, sai ta juyo da faɗan kansa. Ta ce kwana goma ke nan ƙararsa ta hana awakinta sukuni, ta ce dattijo da gemu bai kamata ya zauna a sama yana kallon mutane ta gilashi ba. Yana ta cewa, “Gaskiya ne, Iya. A yi haƙuri, Iya.” Shi ya karɓi ƙwaryar ya tsallakar da ita har bakin injin niƙa. Da ya dawo Choji ya miƙa masa ruwa.

A ranar Sagiru ya sa aka cire igiya aka kafa shingen kwano, aka kuma shimfiɗa katako mai kauri can nesa da katafilar don mutanen unguwa su riƙa tsallakawa. Da yamma ya zo ya tsaya kusa da Abdulbaƙi yana sosa ƙeya, ya ce, “Baba, ɗazu na yi magana da yawa.” Abdulbaƙi ya ce bai ji ba, inji na ƙara.

Daga nan darajar Baba Zagaye ta ƙaru, har Sagiru ya mayar da shi mai yi wa ma'aikata jawabi kowace safiya. Abin ya yi masa daɗi fiye da yadda ya nuna. Ya fi son darasin sauka daga mota: a juyo a fuskanci katafila, hannu biyu a riƙe, a sauko taki ɗaya bayan ɗaya, ba a dirowa ko wuta ce ta kama wando. Sau uku ya sa wani direban tifa ya hau ya sauko a gaban jama'a har ya iya.

Mako biyu bayan haka, da azahar ta kawo jiki, ya ajiye cokali ya kashe inji. Yana buɗe ƙofa sai ya hango kular abincinsa a gindin darbejiya, wata jar akuya ta ture murfin ta zura kai. Dambun zogale ne Fatsuma ta yi masa, da man gyaɗa da soyayyar albasa, tun safe yake tunaninsa. Ya ce, “Kai! Kai!” Akuya ko a jikinta. Abdulbaƙi, mai shekara hamsin da biyu, a gaban leburori goma sha huɗu da direban tifan nan da ya sha horo, ya diro daga kan sarƙa kamar ɗan makaranta. Ƙafarsa ta dama ta sauka a kan dutse ta gurɗe.

Aka ɗauke shi a a-daidaita-sahu zuwa asibiti. Aka ce ba karaya, targaɗe ne, amma sai ya yi mako uku bai taka ba. Duk hanyar Choji yana riƙe da kafaɗarsa, ya juya fuska waje, kafaɗun shi Chojin kuma suna girgiza don dariyar da yake dannewa.

Fatsuma ta tsorata da ta ga an shigo da shi a ɗauke. Da ta ji yadda abin ya faru, sai ta shiga ɗaki ta daɗe. Ta fito idonta da hawaye, ta ce hayaƙi ne. Ta gyara masa matashi, ta ɗora ƙafar a kai, ta ce, “Malam, ni dai na gode. Shekara ashirin da huɗu ina girki, sai yau na san matsayin dambuna.”

Ranar Juma'a bayan masallaci Sagiru da Choji suka zo dubiya da ledar dabino. Aka gaisa, aka yi masa sannu, kowa yana ƙoƙarin riƙe fuska. Abdulbaƙi ne ya fara cewa, “To, ku faɗa. Na san kun zo da magana.”

Choji ya ce, “Ba komai, Malam. Direban tifa ne ya ce a tambaye ka, ranar Litinin wa zai yi jawabin sauka?”

“Ni zan yi in na dawo. Yanzu ma na fi sanin abin.” Sannan ya tambaya, “Akuyar ta wace ce?”

“Ta Iya Khadijatu.”

Ya rufe ido ya ce, “Na sani.”

Kamfani ya kawo wani direba ya riƙe aikin. Choji ya ce mutumin ya iya, amma shi kullum sai ya koma gida da ciwon wuya saboda waige-waige. Abdulbaƙi ya dawo da sanda a mako na huɗu, shi ya haƙa ragowar magudanar, aka zuba kankare kwana shida kafin ruwan farko mai ƙarfi. A daminar ruwa bai shiga gidan kowa a unguwar ba. Iya Khadijatu ta aiko masa da ƙwai bakwai a ƙoƙo, tare da saƙon cewa katakon da aka shimfiɗa mata ya fi gadar simintin da suka gina daɗin takawa, a dawo mata da shi.

Yanzu suna wani aikin a hanyar Buji, shi da Choji. Ƙafar takan motsa masa idan sanyi ya sauko. Fatsuma kuma ta sayo sabuwar kula mai murfin murɗawa, ta ce wa Choji shi ta damƙa wa amanarta, ya riƙa rataye ta a reshe.